Baƙunci a Tsohon Gidan Karatu na Oxford

Aiki ne ya kai ni Landan a ƙarshen watan Mayu, amma tun kafin in bar Kano ƙanwata ta ɗaure ni da jijiyoyin jikina. Ta ba ni ƙullin yaji da kuka da daddawa, ta ce in kai wa ɗanta da ke karatun digiri na biyu a Oxford hannu da hannu, in kuma dawo mata da labarin abin da yake ci da inda yake kwana. Da na samu sarari sai na shiga jirgin ƙasa a tashar Paddington. Tafiyar ba ta wuce awa guda ba.

Yaron ya tarbe ni a tasha. Muna tafe a ƙasa, kekuna na wuce mu ta hagu da dama, yana yi mini bayanin da ya ce kowane baƙo sai an yi masa. Jami'a ita ke shirya manyan laccoci da jarrabawa, ita ke da ɗakunan gwaje-gwaje, ita ke ba da digiri. Amma kwana da ci da tarbiyya, da kaso mai tsoka na koyarwar masu digirin farko, duk a kwaleji ake yin su. Kwalejojin sun haura talatin, a warwatse cikin gari, mafi yawansu kowace da dukiyarta da dokokinta da shugabanta. Tasa sunanta University College, amma ba wanda ke kiranta haka. Univ kawai suke cewa.

Tana kan High Street, babban titin da ya ɗan lanƙwasa kamar baka. Daga waje bango ne dogo na dutse mai launin ƙasa-ƙasa, da hasumiya biyu, da wata ƙofar katako mai nauyi wadda aka yanka ƙaramar ƙofa a jikinta. Ta ƙaramar ake shiga, kuma da ka sa ƙafa sai ka ci karo da ɗakin masu tsaron ƙofa. A nan na fara gane inda ikon yau da kullum yake. Waɗannan mutane ba sa rufe ido, dare da rana akwai wani a zaune. Su ke riƙe da makullai, su ke karɓar wasiƙu da kaya su zuba wa kowa a ɗan akwatinsa, su ake kira idan ɗalibi ya kulle kansa a waje ko ciwo ya kama shi da tsakar dare. Wanda muka tarar ya dubi yaron ya kira sunansa ba tare da ya duba takarda ba, ya dube ni, ya rubuta ni a littafin baƙi. Masu yawon buɗe ido da suka biyo bayanmu kuwa cikin ladabi ya mayar da su titi. Gidan na da ɗalibai wajen 600, kuma yaron ya ce da wuya ka yi zango ɗaya ba su haddace fuskarka ba.

Wannan bango da wannan ƙofa ba ado ba ne tun asali. A da can tsakanin mutanen gari da ɗalibai ba a ga maciji. A watan Fabrairun 1355 gardama kan giya a wata mashaya ta rikiɗe ta zama tarzomar da aka kashe ɗalibai da dama, kuma daga nan har 1825 magajin garin Oxford yana zuwa coci duk shekara ya biya tarar wannan jini. Mai irin wannan maƙwabtaka dole ya yi katanga.

Ciki fili ne mai kusurwa huɗu, gine-gine sun kewaye shi, da ciyawa kore shar a tsakiya wadda ba a takawa. An fara wannan ginin a 1634, yaƙin basasar Ingila ya tsayar da aikin, sai bayan shekaru arba'in ko kusa da haka aka gama. Ɗakunan ba a jere suke a doguwar baranda irin ta hostel ɗinmu ba. Matakala ce matakala ce, kowace da lambarta, ɗakuna kaɗan a kowane hawa, don haka in an tambayi mutum inda yake sai ya faɗi lambar matakalarsa. Kowace matakala tana da mai kula da ita, wadda suke kira sikawut, mai shara da kwashe kwandon datti. Yaron ya ce ita ce ta fi kowa sanin wanda bai kwana a ɗaki ba, da wanda ya daina fitowa, kuma sau da yawa daga bakinta ake fara jin cewa wani yana cikin damuwa. Da yawansu baƙi ne daga wasu ƙasashe. Da sassafe suke zuwa, kafin azahar sun tafi, kuma hotonsu ba ya cikin waɗanda aka rataya a bango.

Asalin gidan wakafi ne. Wani malamin coci mai suna William na Durham ya rasu a 1249, ya bar wa jami'a mak 310, kuɗin wancan zamani, don a riƙa ɗaukar nauyin masu karatun addini. Da ribar wannan kuɗi aka fara da malamai huɗu kacal. A kan wannan shekarar Univ ke cewa ita ce kwaleji mafi tsufa a Oxford, kwalejojin Balliol da Merton kuma suna cewa ba su yarda ba, kowace da hujjarta, kuma ba wanda ke son a raba gardamar. Abin dariyar shi ne, 1249 ma ba ta ishe su ba a da. A ƙarni na 14 wata shari'ar fili ta tsananta a kansu, sai malaman suka kai kuka wurin sarki suna cewa ai kakansa ne, Sarki Alfred, ya kafa gidan tun ƙarni na 9. Babu wannan magana. Amma ƙaryar ta yi aiki, ta zauna, har a 1727 da aka yi rikicin wane ne halastaccen shugaban kwalejin kotu ta amince da ita, ta ce sarautar Ingila ce mai raba gardamar gidan. A 1872 sun yi shagalin cika shekara dubu. Yau su da kansu ke ba da labarin suna dariya, amma hukuncin da aka gina a kansa yana nan bai rushe ba.

Maganar shugabanci ita ta fi tsaya mini a rai, wataƙila don na daɗe ina aiki a inda kome sai an jira sa hannun mutum ɗaya. Shugaban Univ ana kiransa Masta. A wasu kwalejojin Wadin ne, a wasu Firobos, a wasu Rekta ko Firinsifal. Lokacin da na je, mai riƙe da kujerar ita ce Valerie Amos, wadda ta hau a 2020. Haifaffiyar Guyana ce, ita ce baƙar mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Birtaniya a 2003, ta jagoranci ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2010 zuwa 2015, sannan ta shugabanci SOAS ta Landan, makarantar da ta daɗe tana koyar da Hausa. Ita ce mace ta farko da ta zama Masta a Univ, kuma baƙar fata ta farko da ta shugabanci wata kwaleji a Oxford. Gidan da sai a 1979 ya fara ɗaukar ɗalibai mata.

Da irin wannan tarihi sai mutum ya zaci in ta yi tari kowa zai miƙe. Na tambayi yaron, ya ce, "Kawu, ai ba haka abin yake ba. Malaman ne suka zaɓe ta, kuma su ne masu gidan." Majalisar gudanarwa ta ƙunshi Masta da manyan malaman kwalejin, kuma a gaban doka su ne amintattun wakafin. Ita ke jagorantar zama, amma ɗaukar malami, sayar da fili, sabon gini, ƙarin kuɗin ɗaki, duk sai an bi ta kwamiti, an kawo gaban majalisa, an kaɗa ƙuri'a. Aikin yau da kullum kuma an rarraba shi: akwai babban malami mai kula da karatu, akwai ma'aji mai kula da dukiya, akwai mai kula da ɗakuna da kicin, akwai mai ladabtarwa wanda ɗalibi ba ya son samun saƙonsa, akwai limamin cocin gidan. Abin da ya rage wa Masta shi ne lallashi, da karɓar baƙi, da neman taimako wurin tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, da zama fuskar gidan a waje. Ana kuma kiran ɗalibi lokaci-lokaci ya zauna gabanta a karanta rahoton malamansa yana ji. Mintuna kaɗan ne, amma yaron ya ce ba wanda ke shiga zuciyarsa ba ta bugawa.

Ni dai ra'ayina, wannan ƙarancin iko na shugaba yana cikin dalilan da suka sa gidan ya kai shekara ɗari bakwai da saba'in da ɗoriya. Shugaba ɗaya ba zai iya cinye shi ba, ba zai iya rushe abin da ya tarar don ya sa sunansa a sabon allo ba. Kuma ba wai ba a taɓa samun mai karkatar da gidan ba. A zamanin Sarki James na Biyu, Masta Obadiah Walker ya koma ɗariƙar Katolika, wadda sarkin ke bi, ya sa aka kafa mutum-mutumin sarkin a jikin hasumiya. Da aka kori sarkin a 1688 shi ma ya rasa kujerarsa, ya ɗanɗana zaman kurkuku a Hasumiyar Landan. Mutum-mutumin yana nan har yau yana kallon fili. Ta ɗaya gefen kuma, William Beveridge yana Masta a nan ne ya rubuta rahotonsa na 1942 wanda aka gina tsarin tallafin jama'a na Birtaniya a kansa. Firaministan da ya aiwatar da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Clement Attlee, tsohon ɗalibin gidan ne, matashin malamin da ya taya Beveridge bincike kuwa, Harold Wilson, shi ma daga baya ya zama firaminista. Tsarin yana da aibunsa, kada in yi kamar ban gani ba. Abin da sai mutum hamsin sun yarda ba ya sauri, kuma shekarar 1979 da na ambata ta isa shaida.

Ɗalibai ma suna da tasu hukumar. Masu digirin farko suna da ƙungiyarsu, manya suna da tasu, kowace da shugaba da ma'aji da wakilan walwala da na abinci, kuma shugabanninsu na zama a majalisar gudanarwa idan ba maganar sirri ake yi ba. A taronsu ana iya tafka muhawara kan kuɗin haya, a kuma juya a tafka wata mai zafi iri ɗaya kan sayen sabuwar butar shayi.

Karatun kansa gajere ne mai tsanani. Zango uku ne a shekara, kowane mako takwas, kuma ba sa lissafi da kwanan wata sai da mako: Talatar mako na uku, Juma'ar mako na bakwai. Zuciyar karatun digirin farko ita ce zaman da ɗalibi ɗaya ko biyu ko uku ke yi da malami na awa guda, duk mako. An ba ka jerin littattafai, ka rubuta maƙala ko ka warware lissafi, ka zo ka kāre abin da ka rubuta. Babu bayan aji da za ka ɓuya. Wata yarinya mai karatun tarihi da muka sha shayi tare ta ce ba tambayar malam ce ke ba ta tsoro ba, shirun da yake yi bayan ta ba da amsa ne. Na ce a raina, wannan ai karatun zaure ne: almajiri da littafinsa a gaban malam, ya ja baƙi, a gyara masa, ba ya wucewa sai ya gane. Bambancin, a zaure nassi ake kiyayewa, nan kuwa ana so ka yi jayayya da nassin, har da malamin. Tsari ne mai cin kuɗi ƙwarai, kuma wakafin ne ke ɗauke da babban kaso na nauyinsa.

Na zo a lokacin jarrabawa, kuma zauren jarrabawar jami'a maƙwabcin Univ ne a kan titi ɗaya. Da safe sai ka ga yara cikin baƙar kwat da farar riga, da ƙaramar baƙar alkyabba a kafaɗa, hular digiri a hannu, kamar masu zuwa kotu. Dole ne a shiga jarrabawa da wannan shiga. A 2015 aka tambayi ɗaliban ko a soke ta, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce a bar musu kayansu. A ƙirjin kowa akwai fure: fari ranar takardar farko, ruwan hoda a tsakiya, ja ranar ta ƙarshe. Wanda ya fito da jan fure abokansa na jiransa a bayan zaure su yi masa wanka da kumfa da yankakkun takardu masu launi. Jami'a ta hana wannan, tana cin tara, amma na ga kumfar a kan titi da idona.

Furen ba mutum ke saya wa kansa ba, abokai ne ko iyayensa na kwaleji. Nan na tsayar da yaron. Ya ce al'ada ce: 'yan shekarar farko su kan yi auren wasa tsakaninsu, idan sababbin ɗalibai sun zo sai a raba musu su a matsayin 'ya'ya, su nuna musu hanya, su amsa tambayoyin da mutum ke jin kunyar yi wa malami. Na ce, "Kai ma ka yi auren?" Ya ce, "Haba Kawu, mu manya ba ma ciki sosai." Na ce to, wannan zan gaya wa uwarka daidai yadda ka faɗa.

Da dare aka yi cin abinci na alfarma a babban zaure, wanda ake yi wasu darare a mako. Dogayen tebura na katako, hotunan tsofaffin shugabanni da manyan mutanen da suka ratsa gidan a bango, teburin malamai a can gaba a kan ɗan dandamali. Da malamai suka shigo kowa ya miƙe. Wani ɗalibi daga cikin masu hazaƙa ya karanta addu'ar abinci da Latin, ana amsa masa. Suna alfahari da cewa tasu ce mafi tsawo a Oxford, kuma na yarda, don na ga wani yana kallon burodinsa kamar zai yi kuka. Mafi yawan masu tsayuwar ba su jin Latin, da yawa ba Kirista ba ne, wasu ba su da addini ko kaɗan. Amma ba wanda ya yi motsi. Yaron ya riga ya rubuta mana abincin halal tun da rana, aka ajiye ɗan kati a gabanmu, giya ta wuce mu, ruwa ya tsaya. A hagu da ni mai karatun kimiyyar sinadarai ne, a dama mai karatun shari'a, kuma na fahimci wannan cakuɗa ita ce manufar teburin. Muna fitowa da ƙarfe tara da minti biyar babbar ƙararrawar kwalejin Christ Church ta fara bugawa. Sau 101 take yi kowane dare, adadin ɗaliban gidan na da, alamar a rufe ƙofofi. Minti biyar ɗin kuwa don agogon Oxford na asali yana bayan na Landan da wannan tazara. Gari bai gama duhu ba ma, sai a lokacin muka yi magariba.

Sallar Juma'a mun yi ta a babban masallacin da ke kusa da titin Cowley, unguwar da ake samun naman halal da garin rogo da attarugu. A can yaron ke cefane idan dankalin kicin ɗin kwaleji ya gundure shi, wanda a cewarsa ba ya ɗaukar lokaci.

Ya zagaya da ni lunguna. A wani ɗaki mai ƙubba akwai farin mutum-mutumin marubucin waƙoƙi Shelley, kwance kamar yadda teku ta turo gawarsa. Kwalejin ce ta kore shi a 1811 saboda ya buga ƙasidar musun samuwar Ubangiji, sannan a 1893 ta karɓi wannan dutse ta gina masa ɗaki. A bangon da ke kallon titi akwai allon da ke nuna inda masana kimiyya Robert Boyle da Robert Hooke suka yi gwaje-gwajensu kan iska. A wani siririn lungu mai suna Logic Lane, inda gidan Masta yake, akwai allon da aka kafa a 2017 don tunawa da Christian Cole, ɗan Saliyo, baƙar fatar Afirka na farko da ya samu digirin Oxford a 1876, ya kuma zama lauya a Ingila a 1883. Sai bayan fiye da shekara ɗari da rasuwarsa aka sa sunansa a bango. Kofi Busia, tsohon firaministan Ghana, da Festus Mogae, tsohon shugaban Botswana, duk nan suka yi karatu, haka ma Bill Clinton, wanda ya zo a 1968.

Ranar Asabar kowa ya nufi kogi, ranar ƙarshe ta tseren kwale-kwale na bazara, wanda ake yi daga Laraba. Kogin ya yi ƙunci da a jera jirage gefe da gefe, don haka a layi ake sa su, ɗaya bayan ɗaya, da tazara tsakani. Ana harba ƙaramar igwa, kowane jirgi mai matuƙa takwas ya yi ƙoƙarin cim ma na gabansa ya taɓa shi kafin na baya ya taɓa nasa. Wanda ya taɓa ya hau gaba a layin gobe, kuma matsayin da aka tashi da shi bana da shi za a fara baɗi, shi ya sa kwaleji kan yi shekaru tana hawa zuwa kan gaba. Jirgin da ya taɓa na gabansa a dukkan ranakun tseren ana rubuta tarihinsa da alli a bangon kwaleji, ruwan sama ya yi shekaru yana wanke shi. Masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, lokacin yana ɗalibi a Univ, shi ne ɗan ƙaramin da ke zama a ƙarshen jirgi yana riƙe da linzami yana ba da umarni. Rumfar jiragen Univ tana tsallaken kogi, nesa da mafi yawan sauran. Tsohuwar ta ƙone a 1999, aka buɗe sabuwa a 2007. Mun tsaya a barandarta muna ihu, ni ban ma san jirgin da nake yi wa ihun ba sai da yaron ya nuna mini shuɗi da ruwan ɗorawa.

A hanyar komawa tasha yake gaya mini cewa da zango ya ƙare, yawancin masu digirin farko sai sun kwashe kayansu kaf, domin a lokacin hutu ana ba masu taruka da 'yan makarantun bazara hayar ɗakunan, kuɗin ya shiga asusun gida. Ba abin da ke tafiya a banza. Kowane ɗalibi yana da lissafinsa na haya da abinci da tara, ana turo masa shi duk zango, har da abincin baƙonsa.

"Har nawa na daren nan?" na tambaye shi.

"Har naka, Kawu. Da shayin safe."

Na laluba aljihu.